Kukan sitiyarin Hilux: kafin ka ba da kuɗin sabon famfo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2010 mai injin fetur, da ita nake ɗauko hatsi daga ƙauyukan Kumo da Dukku zuwa Tudun Hatsi a Gombe. Wata biyu ke nan tana wani kuka siriri daga gaban inji, musamman da safe, kuma in na murɗa sitiyari sai kukan ya ƙaru. Na ƙara mai sau biyu, ta yi shiru kwana kaɗan, kukan ya dawo. Bakanike ya ce famfon pawa ne ya mutu, in kawo kuɗin wani. Haka ne, ko akwai abin da ya kamata a duba tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Riƙe kuɗinka tukuna. Ta yiwu bakaniken naka ya yi gaskiya, amma abubuwa biyu da ka faɗa suna nuna wani waje dabam: kukan ya fi yawa da safe, kuma in ka ƙara mai yakan lafa. Famfon da ya cinye daga ciki ba ya jin lallashi. Ko ka cika masa kofin man sitiyari har baki kukansa yana nan, kuma ya fi tsananta in mota ta ɗau zafi. Wanda ke kuka da sanyin safiya ya yi shiru in an ba shi mai, galibi yunwa ce ke damunsa. Ko man ba ya isa gare shi yadda ya kamata, ko yana zuƙo iska tare da man.

A cikin famfon akwai wani dunƙulen ƙarfe mai juyawa, da 'yan fallayen ƙarfe wajen goma da ke shiga suna fita a jikinsa. Su ke janyo mai daga kofin da ke sama ta tiyo mai kauri, su tura shi ta tiyon matsi zuwa rak, wato sandar ƙarfe mai haƙora da ke karkata tayoyin gaba, man ya taya hannunka tura tayoyi, sannan ya koma kofi ta ƙaramin tiyo. In ka kure sitiyari matsin yakan kai bar 80 ko fiye a ma'aunin matsi, wato ya ninka iskar da ke cikin tayarka fiye da sau talatin. Man nan kuma shi ke sanyaya famfon, shi ke hana fallayen cin bangon da suke gogawa. Da zarar ƙwayoyin iska sun shiga, sai matsin ya riƙa murƙushe su a cikin famfo ba ƙaƙƙautawa, ƙarar murƙushewar ce kake ji kamar kuka. Kowace ɗaya kuma tana ɗan ƙwarzar ƙarfe. Saboda haka famfon da yake da rai yau, in aka bar shi wata da watanni yana shan iska, zai zama mataccen da bakanike ke magana.

Da farko a tabbatar waye mai kukan. Injin irin motarka galibi 2TR ne mai lita 2.7, kuma bel guda ne ke juya famfon sitiyari da oltaneta da famfon ruwa da kwamfuresar AC, ga kuma fulin da ke ɗame bel ɗin. Kowane ɗayansu yana da boris, kowane boris in ya bushe yana kuka, kuma duk suna cunkushe wuri ɗaya. Ka tada mota ka bar ta a silo, wani ya zauna ciki. Ya murɗa sitiyari a hankali dama da hagu. In muryar kukan ta sauya da murɗawar, ta yi kauri ko ta koma gurnani, maganar sitiyari ce. Ya saki sitiyari ya kunna manyan fitilu da fankar AC har ƙarshe. In nan kukan ya sauya, oltaneta za a tuhuma. In sai an kunna AC yake fitowa, kwamfuresa ce. Tsuwwa mai kaifi kamar ta ɓera, wadda ke zuwa lokacin tada mota ko lokacin kure kwana, wannan santsin bel ne. Fesa masa ruwa kaɗan, in ta ɗauke na ɗan lokaci ka gane. Kada a shafa wa bel sabulu ko man birki don ya yi shiru, lalata shi ake yi.

Dogon sukundireba ma yana aiki: a ɗora bakinsa a jikin famfo, a kara ƙotar a kunne, sannan a gwada jikin oltaneta da notin tsakiyar fuli. Inda ƙarar ta fi ƙarfi nan take. Amma mai wannan aiki ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun kaftani, ya cire carbi daga wuya, domin bel ba ya tambaya. In har yanzu da shakka, a cire bel ɗin inji yana sanyi, a juya kowane fuli da hannu. Lafiyayye yana juyawa sumul, wanda boris ɗinsa ya tafi za ka ji kamar da yashi a ciki, ko ka ji yana girgiɗi. Ana iya tada injin ba bel na ƙasa da minti ɗaya a ji ko kukan ya ɓace, kada a wuce haka, don famfon ruwa a tsaye yake. Masu Hilux ta dizal mai D-4D ta wannan zamani su lura, nasu famfon haƙoran giya ne ke juya shi daga cikin inji, cire bel ba zai tsayar da shi ba.

Ɗan huci da ake ji in sitiyari ya kai ƙarshe ya daki bango ba ciwo ba ne. Bawul ɗin rage matsi ne ke buɗewa.

In ta tabbata famfon ne ke kuka, sai a koma kofin mai, nan amsar take yawanci. A jikinsa akwai alamar sanyi da ta zafi, a auna da wadda ta dace, mota na tsaye a wuri mai daidai. Sannan a buɗe murfin inji yana silo, a haska da tocila. Man kirki ja ne garau, kana hango ƙasa ta cikinsa. In ka ga kumfa, ko man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, iska ce. Akwai gwajin da littafin gyara na Toyota ya tanada: ka yi alama inda man yake inji yana aiki, ka kashe, ka jira 'yan mintuna, ka sake dubawa. Bai kamata ya tashi fiye da milimita 5 ba. In ya tashi sosai, ko ya yi amai ta murfi bayan an kashe mota, iskar da ke matse ciki ce ta buɗe ta turo shi. Ɗiga man a kan farar takarda ka sansana. Baƙi mai ƙaurin ƙuna ya gama aiki. In kuma ka fita da shi rana ka ga yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, to wannan labari ne mara daɗi, zan dawo kansa.

Ka ce sau biyu kana ƙara mai. Ruwa ba ya tsami banza. Man sitiyari ba a ƙona shi kamar fetur, in ya ragu to wani wuri ya bi. A wanke wajen da kyau, a yi tafiyar kwana ɗaya, a duba bayan fulin famfo inda sil yake, wato robar da ke hana mai zuba, da inda aka matse ƙarfe a bakin tiyon matsi, da notin da ya ɗaure tiyon a famfo mai woshoshi biyu. Wurin da aka fi mantawa shi ne robobin nan masu lanƙwasa da ke gefe biyu na rak. Mai yana iya taruwa a cikinsu wata guda ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Matsa su da hannu, ko ka sassauta ƙaramin kilif. In mai ya zubo, sil ɗin rak ya tafi, kuma sabon famfo ba zai yi maganin wannan ba.

Hanyar shigar iska ta fi wuyar kamawa, don sau da yawa ba ta yoyo. Tiyo mai kaurin da ya taso daga kofi zuwa famfo ba matsi a cikinsa, zuƙa ce. Ƙaramar tsaga a nan ba ta fitar da mai waje, iska take ja ciki. Motar da ta haura shekara goma tana shan zafin Maris da Afrilu na Gombe, ga zafin inji a kai, robar tiyon takan bushe ta yi tauri kamar ƙirgi. Da sanyin hunturu sai ta ƙanƙance, bakinta ya saki ƙarfen da ya kama, iska ta samu ƙofa. In inji ya ɗumama robar ta yi laushi ta sake kamawa, kukan ya ragu. Wannan shi ne kukan safe da kake ji, ko kuma ɗan'uwansa: ƙaramar robar zobe da ke ƙarƙashin bututun da tiyon ke shiga a jikin famfo. Noti ɗaya ne ke riƙe bututun a yawancinsu. Robar takan lallatse ta taurare, kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, amma ta sa an zubar da famfuna masu rai da yawa. Kama tiyon ka murɗa, in ya juya a kan bututun cikin sauƙi ya saki. A sauya shi da tiyon da aka yi don mai. Tiyon ruwa na lagireto mai yana narkar da shi, ya kumbura, ya manne daga ciki lokacin zuƙa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. A sa kilif na kirki, ban da ɗaurin waya ko robar tsohon tib.

Sai rariya. A gindin kofin mai akwai wata raga mai laushi ƙwarai da ke tace man kafin ya sauka famfo. Mutane da yawa ba su san da ita ba, don baƙin mai yana rufe ta. Dattin tiyo da ya ruɓe, da ƙurar da ke shiga duk lokacin da aka buɗe murfi a bakin hanya, da tsohon man da ya dafu, su ke toshe ta. Hanyar Dukku da rani ba sai an ba ka labarin ƙurarta ba. In ta toshe, kofi cike yake amma famfo yana ƙishi, kuma abin ya fi muni da safe lokacin da man ya yi kauri. A zuƙe man da sirinji, a cire kofin gaba ɗaya, a jiƙa shi da kananzir ko fetur nesa da wuta, a girgiza a zubar har sai abin da ke fitowa ya yi fari, sannan a haska a ga ragar tana wuce haske. A bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Kada a yarda yaron gareji ya huda ragar da sukundireba wai don mai ya wuce. Mai zai wuce, datti ma zai wuce, kai tsaye cikin famfo da rak. In ta ƙi wankuwa ko ta yage, a sayi wani kofin.

Tunda an riga an buɗe, a sauya man duka. Wannan Hilux man giyar otomatik take sha a sitiyari, ATF Dexron II ko III, jan nan, kuma yawanci an rubuta a murfin kofin. Mai wata motar ya karanta nasa murfin, don akwai kamfanonin da ba su yarda da ATF ba, Honda misali nata man dabam ne. Abin da ke cikin motar duka bai wuce lita ɗaya ba, amma ka sayi lita 2 saboda wanki, kuma a galan da ba hatimi ko kwalbar ruwa ta bakin titi ba ka san abin da aka ɗura ba. Abu biyu kada su kusanci kofin nan. Man birki yana kumbura duk wata roba da sil da ke ciki, cikin 'yan kwanaki rak ya fara zuba ta ko'ina. Baƙin mai ko man giya mai kauri kuwa, wanda wasu ke zubawa don kuka ya lafa, yana danne ƙarar da rana, da asuba kuma famfo ya kasa janyo shi. Haka magungunan toshe yoyo na gwangwani: sukan saya maka 'yan makonni, ba sa mayar da sil ɗin da ya yage.

Yadda ake sauyawa: a ɗaga gaban mota da jak har tayoyi biyu su bar ƙasa, a tokare da abin da ba zai goce ba. Inji a kashe, makulli a buɗe don kada sitiyari ya kulle. A cire ƙaramin tiyon da ke dawo da mai, a toshe bututunsa na jikin kofi, a zura bakin tiyon cikin gora. A cika kofi da sabon mai. Mutum ɗaya yana murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ɗaya yana ƙara mai kada kofin ya taɓa yin ƙasa. Rak ɗin da kansa zai riƙa turo tsohon man cikin gora. In abin da ke fita ya koma ja garau, a mayar da tiyo. Masu gaggawa sukan tada inji don aikin ya yi sauri. Famfo yana kwashe kofin nan cikin daƙiƙu kaɗan, ya koma juyawa a bushe, an ƙara masa ciwo ke nan.

Fitar da iska shi ne inda ake yawan yin sakaci, kuma shi ya sa za ka ga an sa sabon famfo yana kuka tun a gareji. Tayoyi na sama, inji a kashe, murfi a buɗe, a murɗa ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau 20, sannu a hankali, ana kallon ƙwayoyin iska suna tasowa ana ƙara mai. In sun daina, a tada inji na daƙiƙa biyu ko uku a kashe, a duba, a ƙara. Sannan a tada a bar shi a silo, a sake murɗawa sau da yawa ba tare da an danne a ƙarshe ba. In man ya yi kumfa, a kashe a je a sha shayi, rabin awa ko fiye, kumfar ta kwanta, a sake. Murɗa sitiyari da kumfa a ciki dama ta kawai ake yi kamar fura. Bayan an sauke mota ɗan kuka kaɗan yana iya saura kwana ɗaya ko biyu kafin ragowar iska ta fita. In kumfa tana dawowa kullum bayan duk wannan, ƙofar iska tana nan ba a rufe ba, a koma kan tiyon zuƙa da robar zobe.

Yanzu ne ake yanke wa famfo hukunci. Mai sabo ne ja, ba kumfa, rariya a wanke, bel lafiya, amma kuka yana nan yana bin totur, yana ƙaruwa in mota ta yi zafi. Sitiyari yana nauyi a silo, musamman wajen fakin, in ka ɗan taka totur ya saki. Fulin yana girgiɗi a hannu, ko an ga garin ƙarfe a tsohon man. In waɗannan suka haɗu, bakanikenka ya yi daidai. Garejin da ke da agogon auna matsi zai raba gardama: ana ɗaura shi tsakanin famfo da tiyon matsi, a rufe bawul ɗinsa a silo na ƙasa da daƙiƙa 10, a ga ko famfo ya kai adadin da littafin motar ya ce. In ya kai da bawul a rufe, amma ya faɗi in an buɗe an kure sitiyari, famfo lafiya lau, rak ne ke zubar da matsi daga ciki. In yoyo ne kawai ta bayan fuli kuma cikin famfon bai ƙwarzanu ba, akwai saitin sil da robobi da ake sayarwa, a gyara naka ya fi sayen wanda ba ka san tarihinsa ba.

In sayen ya zama dole, a ganina ɗan Baljiyam na asali mai kyau ya fi sabo mai arha wanda aka kwaikwayi kwalinsa. Ka juya shi da hannu ka ji ba ya kartawa, ka leƙa bakin bututunsa ba tsatsa ba baƙin datti, ka gwada shi da naka gefe da gefe, ƙafafun noti da yawan layukan fuli su zo ɗaya, kuma ku yi sharaɗin mayarwa in ya yi kuka. Wajen ɗaurawa a sa sabuwar robar zobe da sababbin woshoshi, a ɗura masa mai a juya fulin da hannu kafin a sa bel, kuma ba a dukan fuli da guduma. Abu mafi muhimmanci, garin ƙarfen tsohon famfo yana nan kwance a rak da tiyo da kofi. In ba a wanke su kamar yadda na bayyana ba, sabon zai sha abin da ya kashe na farko, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Akwai kuma abin da ke wahalar da famfo daga waje. Tayar gaba mai ƙarancin iska, ko manyan tayoyin da suka wuce na kamfani, ko boljoyin da ya bushe ya ƙage, duk suna sa shi aiki fiye da ƙima. Lokacin da gaban motar ke sama inji a kashe, sitiyari ya kamata ya tafi sumul daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In yana cijewa a wani wuri, a duba boljoyin da tayarod da gaɓar sandar sitiyari. Direba kuma ya daina danne sitiyari a ƙarshe yana jiran hanya ta buɗe a cunkoson kasuwa. Daƙiƙa 10 ita ce iyaka, bayan haka man dahuwa yake yi. In ya daki ƙarshe a ɗan sassauta masa kaɗan, kuma a bar mota ta ɗan motsa kafin a murɗa, musamman da lodi a baya. Ga motar da ke aiki irin naka, ni zan sauya man duk shekara biyu, ko da zarar ya bar ja ya koma ruwan ƙasa.

Game da ci gaba da aiki kafin a gyara: in kuka ne kawai kuma man yana kan alama, za ka iya zirga-zirgar cikin gari kana dubawa kowace safiya, da lita ɗaya a bayan kujera. Amma in tiyon matsi ne ke tsartuwa kusa da salansa, a ajiye motar, man nan yana kama wuta. In kuma kukan ya koma ƙarar ƙarfe da ƙarfe ko fulin ya fara rawa, kada ka ɗauki lodi ka nufi Dukku. Famfon in ya ƙage zai tsinke bel, kuma bel ɗin nan guda shi ke riƙe da famfon ruwa da cajin batir, ga sitiyari zai yi nauyi farat ɗaya a hannunka da buhuna a baya.